Moton Farko: Daga Dokin Kara zuwa Kasea Na Hannu

Duk fadar da ka zauna a Tirmini bayan la'asar, in an gama gardamar ƙwallo, hirar moto ce ke biyo baya. Wane ya sayar da nashi, wane ya samo na hannu a birni jika kaza, na wane yana shan mai kamar rairayi, na wane kuma in ya taso sai ka rantse jirgi ne. Cikin irin wannan hira na girma, ban kuma taɓa ɗaukarta a bakin komi ba sai da ɗan kawuna ya kwanta wata 4 da karaya a cinya. A zaman jinyar nan ne, tsofaffi na shigowa dubiya suna fita, na fara tambayarsu yadda su suka koyi hawa. Amsoshin da na samu su suka kai ni ga wannan rubutu. (Zan riƙa cewa moto kamar yadda muke faɗa, amma in sun yi yawa zan ari "babura" daga ƴan uwanmu na Najeriya, don in na ce motoci za ku zaci masu ƙafa huɗu nake nufi.)

Sai mu fara da doki, tunda garinmu da doki ya shiga littafin tarihi. A ƙarshen watan Yuli na 1899, a nan Tirmini, kilomita 20 da ƴan kai yamma da birnin Damagaram, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta tari ragowar sojojin Voulet da Chanoine, waɗanda Laftana Pallier ke ja bayan an kashe shugabannin nasu biyu. Barade na kan dawaki, su kuwa baƙin suna da bindigogi masu aman harsashi a kai a kai, da igwa. Ba a daɗe ba aka watse, Faransawa suka shiga birni, shi kuma Sarki aka kashe shi a watan Satumba. Rundunar da Sarki Tanimun ya gina, shi da ya zagaye birni da ganuwa har ya sa ana ƙera igwa a gida, ranar nan aikinta na yaƙi ya ƙare. Wannan kowa ya karanta a lekol. Abin da ba a koya mana ba shi ne, doki ya rasa yaƙi amma bai rasa daraja ba, kuma dukan ƙa'idodin sayensa da hawansa sun ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa bayan haka, a ƙofar fada, a gidajen masu gari da na fatake.

Kar in yi ƙarya, ba kowa ke da doki ba. Talaka jakinsa ne abin hawansa, kuma galibin kakanninmu a ƙasa suke tafiya. Amma ko a gidan da ke da turke, ba a ɗaukar yaro a ɗora a kan ingarma. Akwai tsani. Yaro yakan fara da dokin kara, yana zagaya tsakar gida yana haniniya da bakinsa. Daga nan jaki, zuwa rijiya da dawowa, inda zai sha faɗuwa a kan rairayi ba tare da ya karye ba. Sai a ba shi yankan ciyawa da kwasar turke da kai doki shan ruwa yana jan ragama a ƙasa. Sai tsohuwar goɗiya mai sanyin hali. Kafin a bar shi ya sa ƙafa a likkafar ingarma, ya yi shekaru yana hidimar dabbar, ya san lokacin da take jin tsoro da lokacin da take jin ƙishi. Wani dattijo da ya zo dubiya ya ce da ni, "Ɗana, mu sai da muka bauta wa doki sannan muka hau shi." Na riƙe wannan magana.

Ƙarfe ya shigo a hankali. Keke ne ya fara, da kuɗin gyaɗa da na ci-rani, Raleigh da makamantansa daga Kano. Keke bai rushe tsanin nan ba, mataki ya ƙara masa: wa ya manta da tuƙin ƙarƙashin sanda, ƙafa ɗaya ta cikin firam saboda ba ka isa sirdi ba? Lura ma da kalmar. Mazaunin keke da na moto har yau sirdi muke ce masa, kuma "hawa" muke yi. Harshe bai sauka daga doki ba.

Bayan keke sai mobilet. Kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙera ta a 1949, ƴar ƙarama, injinta bai cika sisi 50 ba, tana da feda irin ta keke, ba canjin giya. Ana gauraya mata mai da baƙin mai a zuba tare. In ta ƙi tashi ka tuƙa ta da ƙafa, in rairayi ya yi yawa ka sauka ka tura. Da ita da ƴar uwarta Peugeot P50, wadda aka daɗe ana haɗawa a Bobo Julaso, su ne abin hawan mushen lekol, da malamin asibiti, da malamin gona, musamman a shekarun Seyni Kountché na farko, lokacin da kuɗin yuraniyom ya shigo albashi yana zuwa kan kari. A ɗaya gefen iyaka kuwa, ƙarin albashin Udoji na 1975 ya cika titunan Kano da Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki, kuma abin da ya cika Kano ba ya daɗewa bai ɓullo ta Daura da Matamaye ko ta Magarya ba.

Mobilet ita ce moton koyo na gaskiya da ƙasar nan ta taɓa yi, ko da ba wanda ya shirya hakan. Ba ta da nauyi, ba ta da gudun kashe mutum sai in tsautsayi ya gifta, kuma tana da tsada daidai yadda ba za a sakar wa yaro ita kara zube ba. Mai ita yakan ba ƙanensa wanki da gugar buji shekara guda kafin ya bar shi ya zagaya fili. Tsohuwar goɗiya ce ta ƙarfe.

To me ya faru da wannan tsani? Ba rana ɗaya ya karye ba, kuma ba a Tirmini aka karya shi ba.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya haɗu da fari da yunwar da har yau wasu tsofaffi ke kira da sunan mutumin. Mota ba ta wuce shinge, amma moto yana bin daji. A garuruwan bakin iyaka irin su Birnin Ƙonni nan ne kabu-kabu ya kafu a matsayin sana'a, daga baya ya bazu. Daga ranar da moto ya zama abin neman abinci, mobilet ta fara zama abin dariya, don ba ta ɗaukar mutum biyu da buhu. Kowa ya koma neman mai ƙarfi.

Sai watan Janairu na 1994, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke zuwa daga Turai da Japan ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Sabon Yamaha ya fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi. Shekarun da suka biyo baya su ne zamanin faci, zamanin da makanike ya zama sarki, ana haɗa moto ɗaya daga gawar uku. Wannan giɓi ne ƴan Cana suka cike tun daga farkon shekarun 2000: Jincheng, Kasea, Haojue da sauransu, suna zuwa cikin kwali ta Lome da Kwatano da Legas, a ɗaura su a bakin titi cikin yini guda. Indiya ta biyo da Bajaj Boxer da TVS.

Akwai wani abu game da injin waɗannan babura da ya kamata kowane ɗan fada ya sani, ya fi gardamar wane ya fi wane gudu. Da yawa daga cikin masu sisi 125 ɗin nan kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975. Injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashe masu tasowa suka tarar mutane na lodin wuce kima, ba su juye baƙin mai sai ya zama kamar kunu, ba su kai moto gyara sai ya tsaya cik. Maimakon su yi wa'azi, sai suka ƙera injin da zai jure wulaƙanci. Wannan alheri ne, amma da ƙaya a ciki. Injin da ke jure wulaƙanci yakan ci gaba da gudu bayan birki ya cinye, taya ta sule, ƙarfen gaba ya karkace. Doki in ya gaji kwantawa yake yi. Wannan kuwa sai ya tashi da bugu ɗaya, ya ba ka kilomita 80 a awa, alhali duk abin da zai tsayar da shi ya riga ya mutu.

Nan tsani ya karye. Moto ya yi araha har ya shiga kusan kowace unguwa, kuma iri ɗaya ne a kasuwa: mai sisi 100 zuwa 150, mai giya, mai nauyin da ya haura kilo 100. Babu ƙarami na koyo. Yaro daga keke, wani ma ko keken bai ƙware ba, sai kan ingarma. Kuma tunda mai koyo shi ne mafi ƙarancin kuɗi, shi ke sayen wanda kowa ya gaji da shi. Wato mafi rashin sani a kan mafi lalacewa. Da gangan aka tsara ma ba za a yi abin da ya fi haka muni ba.

Na hannun kuma ba daga sama suke faɗowa ba, kowane yayi da dalilinsa. A 19 ga Janairu na 2013 aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero hari, cikin ƴan kwanaki gwamnatin jihar ta hana acaɓa, Adaidaita Sahu ta maye gurbi. Yayyenmu da ke wannan sana'a a can wasu sun dawo gida da baburansu, wasu sun sayar a wulaƙance. A Fabrairun 2015 aka sa dokar ta-ɓaci a Diffa, aka hana hawan moto saboda Boko Haram. Moton da aka hana aiki a wani gari ba ruɓewa yake ba, mai saye yake nema a wani garin. Saboda haka in ka ga na hannu ya yi araha ƙwarai, tambayi kanka wace doka ko wace masifa ta koro shi. Wanda ya yi shekara 3 yana acaɓa ya yi tafiyar da moton malamin lekol ba zai yi ba a shekara 15, ko da fentinsu ɗaya.

Yanzu ga inda gadon doki bai ɓata ba: ciniki. Je ka inda ake sayar da na hannu a birni ka tsaya ka kalla, kasuwar dawaki ce sak. Ga dillali, ga la'ada, ga "albarka" sau uku kafin "na sallama", ga ƴan kallo da kowa ke da ra'ayi ba wanda ke da sisi. Har dabarun ɓoye aibi ma gado ne. Da can a kan ƙosar da ramammen doki kwana kaɗan kafin kasuwa, a goge shi ya yi sheƙi. Yau sabuwar rigar sirdi ce, da sitika, da wankin omo, da baƙin mai mai kauri da ake ɗurawa don ya danne ƙara da hayaƙi, da ɗumama inji tun kafin ka iso.

Masu sayen doki ba su kallon sheƙi. Baki suke buɗewa su duba haƙora, don haƙori ba ya ƙaryar shekaru. Moto ma yana da haƙora: farantin baya da sarƙa ke hawa. In haƙoransa sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, ya sha tafiya, komi mita ta nuna, in ma mitar na aiki. Sukan ɗaga kofato, kai kuma duba taya da waya-wayan ƙafa, ka girgiza ƙafar baya ka ji ko tana wasa. Sukan sa a ja dokin a gabansu su ga ko yana ɗingishi. Wani tsohon makanike ya koya mini kwatankwacin wannan, kuma ban ga dabarar da ta dace da ƙasarmu kamarta ba: tura moton a miƙe kan rairayi mai laushi, ka waiwaya ka dubi sawu. In sawun gaba da na baya sun hau layi ɗaya, ƙashin bayansa lafiya. In sun rabu biyu, ya taɓa shan mummunan karo an buga an miƙe. Sannan ka zo da sassafe, ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka dafa injin da hannunka ka ji sanyi kafin a tayar. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a inji mai bugu huɗu alama ce yana ƙona baƙin mai, ringi ya tafi, sauke inji na jiranka. Birki kuwa, gaba da baya, ka gwada su kafin ka gwada gudu. Mu akasin haka muke yi, wallahi. Kowa ya hau gwaji totur yake murɗawa.

Abu ɗaya da ya ɓace daga cinikin shi ne wa'adi. A fiƙihun Malikiyya da alƙalan Damagaram ke hukunci da shi, mai saye na iya gindaya sharaɗin gwaji, kimanin kwana 3 ga dabba, kuma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, in ya ɓoye a mayar masa da abinsa. Ko da wasa ka ce wa dillalin moto ya ba ka kwana 3, ka ji dariyar da za a yi maka. Abin da ya ƙaru kuma shi ne takarda. Doki shaidu ke tabbatar da shi, da tambarin da ke cinyarsa. Moto sai takardar duwan da kartigiris, kuma lambar da ke jikin takarda ta zama ita ce a jikin inji da firam, ba gogewa ba sake bugawa. Na hannu marar takarda ya fi araha, gaskiya ne, amma ranar da jandarma ya tsayar da kai, ko mai shi na asali ya gane abinsa a kasuwa, ba moton kaɗai za ka rasa ba.

Ɗan kawun nawa bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ni ma da na raka shi ban sani ba. Ya yi rani biyu yana tura baro a Kano, ya haɗa da kuɗin rago ɗaya da buhun wake biyu, jika 170 cif. Niyyarsa kabu-kabu tsakanin ƙauyuka da bakin kwalta. Muka iske moton an jingine shi a inuwa yana walƙiya, injin da ɗumi, mu kuwa muka ɗauka alamar lafiya ce. Dillalin ya ce, "Samari, wannan na wani alhaji ne, masallaci kawai yake zuwa da shi." Daga baya na gane duk moton da ke kasuwar nan na wannan alhajin ne. Iyakar koyon da ɗan uwana ya yi shi ne yamma biyu a filin ƙwallo. Kwana 19 da saye, ya taso daga wani ƙauye da magariba, amalanken shanu ya fito daga gona ba fitila, ya taka birkin baya, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Na gaba kuwa an ce masa kar ya taɓa shi, wai kifar da mutum yake. Wannan gurguwar shawara ta karya mutane da yawa: a kan kwalta birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, a rairayi ne ake lallaɓa shi. Mai tafiyar kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi. Mun yi wannan lissafi a aji, ba wanda ya ce mana maganar cinyar ɗan uwana ake yi.

Damina ta faɗi yana kwance. Gonarsa mu muka noma ta, rabi da rabi.

Saura ladabi, wanda shi ne tsofaffin suka fi zafi a kai. Na mahayin doki sananne ne. Ba ka wuce zauren manya a kan sirdi, sauka kake ka ja. Ba ka sukuwa cikin gari sai ranar hawan salla, a filin da aka tanada, gaban Sarki. In ka iso rijiya ka rage, kar ka tada ƙura a kan tulunan mata. In ka gamu da gawa ka sauka. In ka tarar da tsoho a hanya da kaya, ka tsaya. Dalilin duka ɗaya ne: wanda ke sama ya fi na ƙasa ƙarfi, saboda haka shi ke da bashin sassauci. Masu mobilet sun gāji wannan kusan duka. An ce mushe yakan kashe inji tun daga nesa in ya hango sahun salla, ya turo ta da hannu. A zamanin Samariya kuma akwai sarkin samari da zai kira ka in ka yi rashin ta-ido.

Ba zan ce mu ba mu da ladabi ba, don zalunci ne. Muna da namu, kuma wani ya yi kyau ƙwarai. Ba ɗan moton da zai wuce ɗan uwansa yana turi a daji bai tsaya ba. A zuƙo masa mai da tiyo a gorar ruwa, a ara masa buji, ko a sa ƙafa a bayan motonsa a tura shi har gari. Wanda ya ari moto ya san ba a mayar da shi tanki a bushe. Ɗan kabu-kabu na ƙwarai yakan ce wa mace, "Hajiya, tattara hijabin," kafin ya ja, don ya san abin da sarƙa da waya ke yi wa mayafi da wuyan mai shi. Cikin dare, ƴan kabu-kabu nawa suka kai mai naƙuda asibiti ba su karɓi ko dala ba? Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma akwai shi.

Sai dai ku duba da kyau: kusan duk ladabin namu tsakaninmu ne, mahayi da mahayi, ko mahayi da wanda ya ɗauka. Na tsofaffi kuwa tsakanin mahayi ne da na ƙasa. Wannan rabin ne ya zube a hanya. Shi ya sa za ka ga wanda ya tsaya ya ba baƙo mai kyauta, shi ne kuma zai huda salansa ya ratsa unguwa ƙarfe 1 na dare, ya dallare wa mai keke babbar fitila a ido, ya kutsa tsakiyar garke a burtali yana oda. Ranar kai amarya kuwa ba a magana. Abin da ake yi da babura a rakiyar nan, tada ƙafar gaba, kwanciya a kan sirdi, jan birki a tada ƙura, sukuwar salla ce ba ko shakka, jinin barade ne ke motsi. Amma barade fili ake share masu, da dogarai masu korar yara, kuma waɗanda suka yi shekara 10 a kan sirdi ke yi. Mu a lungu muke yi, a kan na aro.

Hular kwano ma tana cikin wannan. Muna cewa zafi, muna cewa tsada, amma gaskiyar ita ce kunya: kar a ce kai matsoraci ne. Barden da ya fita Tirmini da kwalkwali da lifidi ba wanda ya kira shi matsoraci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Mu da babbar hanyar Yamai zuwa Diffa ta ratsa garinmu, manyan bas da tireloli na wucewa dare da rana, ba mu buƙatar rahoto kafin mu yarda.

Wani zai ce to a daina sayen na hannu mana. Da me za a sayi sabon? Kuma moto ba abin ado ba ne a nan. Shi ne motar asibitinmu, shi ke kai ɗalibi jarrabawa a birni, shi ke ciyar da gidaje da yawa daga girbi zuwa girbi. Har mai da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, wanda ƴan ruwa-ruwa suka daɗe suna shigowa da shi, da matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a hanyar Tanut, da cire tallafin mai da aka yi a Najeriya a watan Mayun 2023, duk wani babin ne na wannan tarihi, na bar shi ga wanda zai rubuta a fitowa ta gaba. Abin da nake gani kawai shi ne, matakin da kasuwa ta cire, ba kasuwa ce za ta mayar da shi ba. Ba kamfanin da zai ƙero mana tsohuwar goɗiya. In akwai mai mayar da shi, yaya ne da zai ce wa ƙanensa wata guda a fili, giya ta biyu, ba fasinja, ba kwalta, ba dare, kuma ya rantse a kan haka. Da makaniken da za a biya jika 2 ya raka yaro kasuwa. Da fadar da za ta yi wa mai hudajjen salansa irin dariyar da take yi wa mai hular kwano.

Na ce wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibi, to bari in faɗi namu. Da kuɗin ɗori da magani suka taru, kawu ya ce a sayar da moton. Aka buga ƙarfen gaba aka miƙe, aka sa sabuwar fitila, aka canza takalmin birki mafi araha. Ni na kai shi birni, wurin dillalin nan dai, don shi kaɗai na sani. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce jika 110, ya aiki yaro ya sayo baƙin mai mai kauri a gabana. Ban ce komi ba. Na ƙirga kuɗin sau biyu na sa a aljihu na hau mota.

Bayan salla babba na gan shi a bakin kwalta, wajen masu mai. Na gane shi da lotsawar da ke gefen tanki ta hagu, wadda gwiwar ɗan uwana ta yi. Wani yaro ne a kai, ba zai wuce shekara 15 ba, da buhun gero biyu a baya da ƙanensa a kan tanki. Da ya tsaya sai da ya zame gefe ɗaya kafin yatsun ƙafarsa su taɓa ƙasa. Ya sayi rabin kwalba, ya buga sau ɗaya ya tashi, suka gangara hanyar rairayi ta kudu. Na bi sawun da ido, layi biyu ne.